Yadda Ake Ƙaurar da Shafin Intanet Zuwa Sabon Kamfanin Masauki

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da shafin intanet, wata rana kamfanin da ya ba shi masauki zai ishe shi. Ko dai shafin ya yi nauyi har mai karatu ya gaji da jira ya tafi, ko yana yawan ɗaukewa, ko kuɗin sabuntawa ya ninka abin da aka biya a shekarar farko, ko kuma ka kai kuka su yi kwana uku ba wanda ya tanka maka. Sai mutum ya so tashi, amma tsoro ya hana shi: kada rubutun shekaru ya salwanta, kada imel ya daina shigowa, kada Google ya manta da shafin.

Tsoron yana da tushe, amma aikin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Galibin asarar da ake tafkawa daga sa na gaba a baya take zuwa. Jerin kuwa ɗaya ne: ka kwafe komai, ka kafa shi a sabon wuri, ka gwada shi ba tare da kowa ya gani ba, sannan ka juya adireshi, kuma rufe tsohon asusu shi ne ƙarshen ƙarshe. A duk tsawon aikin tsohon shafin yana nan yana aiki, ba ka taɓa shi ba. In wani abu ya kwaɓe, kana da wurin komawa.

Fara da sanin abin da kake da shi

Mutane da yawa suna ɗauka “shafina” abu ɗaya ne, saboda kamfani ɗaya suka biya. A gaskiya abu huɗu ne da aka haɗa maka a ƙunshi guda.

Na farko domen, wato sunan da ake bugawa a kai ga shafinka, kamar example.com. Wannan rajista ce da kake sabuntawa duk shekara a wurin kamfanin rajistar suna. Na biyu masauki, wanda masu aikin ke kira hostin: wuri ne a kan wata kwamfuta mai aiki dare da rana, uwar garke, inda fayilolinka da rumbun bayananka suke zaune. Na uku DNS, littafin adireshi da ke gaya wa duniya cewa wannan suna yana kan uwar garke mai lambar IP kaza, saƙonninsa kuma a kai su wuri kaza. Na huɗu imel.

Canza masauki ba ya wajabta maka ɗauke domen. Kana iya barin sunan inda yake, ka nuna masa sabon wuri kawai. Shawarata ma ita ce kada ka haɗa biyun a mako ɗaya, domin in matsala ta taso ba za ka san ta ina ta ɓullo ba.

Saboda haka ka buɗe takarda ka rubuta: a ina domen yake da rajista, yaushe zai ƙare, kuma kana da kalmar sirrin shiga? A ina ake sarrafa DNS ɗinka, wurin mai rajista, wurin mai masauki, ko Cloudflare? Imel ɗinka yana kan uwar garken shafin ne, ko yana wurin Google Workspace ko Microsoft 365? Wace sigar PHP, wato harshen da injin shafin ke aiki da shi, ake amfani da ita? Nawa ne girman fayiloli da na rumbun bayanai? Akwai ƙananan shafuka da ke ƙarƙashin sunan, irin shop.example.com? Akwai ayyukan da aka tsara su riƙa tashi da kansu, waɗanda ake kira cron? In wani ne ya gina maka shafin kuma domen yana cikin asusunsa, tsaya nan. Ka warware wannan tukuna, don duk abin da ke biye ya dogara ne da ikonka a kan sunan.

Bayanin nan na shafukan da kake da iko da fayilolinsu ne, irin WordPress, Joomla, Drupal ko wanda aka rubuta da hannu. Wix, Squarespace da Shopify ba sa ba ka injin shafin ka tafi da shi, sai dai ka fitar da rubutu da kayanka ka sake gini. Wannan wani aiki ne daban. Zan riƙa misali da WordPress da cPanel, allon da kamfanin masauki ke ba ka don sarrafa asusunka, tunda su aka fi haɗuwa da su, amma matakan ba sa canzawa a Plesk ko DirectAdmin, sunayen maɓallai ne kawai suka bambanta.

Zaɓen sabon wuri

Ba zan daɗe a nan ba. Ka tabbatar suna da sigar PHP irin taka ko wadda shafinka zai iya ɗauka, wurin ajiyar ya ishe ka har da rara, suna ba da takardar SSL kyauta (takardar tsaron da ke sa adireshinka ya fara da https), suna yin kwafin ajiya kullum kuma kai da kanka za ka iya dawo da shi, suna kuma ba da damar shiga ta SSH, wato shiga uwar garken kana buga mata umarni a rubuce. Kuɗin da za ka duba shi ne na sabuntawa, na shekarar farko tarko ne. Ka tambaye su ko suna kwaso shafi kyauta ga sabon abokin ciniki. Da yawa suna yi, musamman daga cPanel zuwa cPanel. Ko da sun yi maka, gwaji da juya DNS da duba imel suna wuyanka.

Ka sayi sabon masaukin alhali da sauran aƙalla mako biyu a tsohon. Biyan wuri biyu na ɗan lokaci ya fi sauƙi a kan yin ƙaura ana gobe za a rufe maka asusu.

Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar: rage TTL

Wannan mataki ƙarami ne, kuma shi aka fi tsallakewa. Kowane layi a DNS yana da wata lamba da ake kira TTL, wadda ke faɗa wa sauran kwamfutocin duniya daƙiƙa nawa za su riƙe amsar kafin su sake tambaya. In TTL ɗinka 14400 ne, awa huɗu ke nan. In 86400 ne, kwana guda cur. Ma'ana bayan ka canza adireshi, wasu baƙi za su ci gaba da zuwa tsohon wuri har wa'adin ya cika.

Shiga inda ake sarrafa DNS ɗin, ka mai da TTL na layin A (mai nuna lambar IP), na www da na MX (mai nuna inda za a kai imel) zuwa 300, minti biyar. Sai ka jira tsohon wa'adin ya wuce kafin ka yi juyin. In ka rage shi yau ka juya yau, ba ka yi komai ba, don masu riƙe da tsohuwar amsa ba su ma san ka rage ba.

Kana nan kuma ka kwafe dukkan layukan DNS ɗin, ɗaya bayan ɗaya: A, AAAA, CNAME, MX, TXT, da CAA in akwai. In akwai maɓallin fitar da su a fayil, yi amfani da shi. In babu, ɗauki hoton allo, amma layukan TXT masu tsawo ka kwafe su a rubuce, domin hoto yana yanke su.

Kwashe kaya

Kaya iri biyu ne: fayiloli da rumbun bayanai. A WordPress hotuna, jigo (theme) da fulogin (plugin) suna cikin fayiloli. Rubuce-rubuce, sharhin masu karatu, sunayen masu shiga, saituna da odar masu saye duk suna cikin rumbun bayanai. Wanda ya kwashi ɗaya ya bar ɗaya ya tafi da rabin shafi.

Fayiloli tukuna. A cPanel buɗe File Manager, danna Settings, ka kunna Show Hidden Files. In ba ka yi haka ba, ba za ka ga .htaccess ba, kuma a cikinsa ne dokokin tura adireshi da na tsaro suke. Shiga public_html, zaɓi komai, danna Compress, ka dunƙule su a fayil ɗaya na zip, sannan ka sauke. Dunƙulewar tana da muhimmanci: WordPress dubban ƙananan fayiloli ne, in ka ce za ka jawo su ɗaiɗai ta FTP da FileZilla zai ci awanni, kuma wasu za su faɗi a hanya ba ka sani ba. In kana da SSH a ɓangarorin biyu, rsync ya fi komai, saboda yana kai kayan kai tsaye daga uwar garke zuwa uwar garke ba tare da sun bi ta kwamfutarka ba:

rsync -avz public_html/ sunanka@203.0.113.10:public_html/

Wani alherinsa kuma, in ka sake gudanar da shi daga baya, abin da ya canza kaɗai zai aika.

Sai rumbun bayanai. Buɗe wp-config.php ka ga sunan rumbun da shafin ke amfani da shi a layin DB_NAME, don asusu ɗaya kan tara rumbuna da yawa, wasu na tsoffin gwaje-gwaje. Shiga phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbu da ke cikin cPanel, zaɓi wannan rumbun, danna Export. Ga ƙaramin shafi Quick ya isa. In babba ne zaɓi Custom ka sa a matse shi da gzip. Mai SSH kuma ya buga:

mysqldump -u mai_rumbu -p --single-transaction --default-character-set=utf8mb4 sunan_rumbu > kwafi.sql

Kada ka raina wannan utf8mb4. Shi ne tsarin haruffan da WordPress ke amfani da shi tun sigar 4.2 a 2015. In aka fitar da rumbu da wani tsarin, kamar latin1, aka shigar da shi da wani, duk wani ɓ, ɗ, ƙ da ƴ da ke cikin rubutunka zai koma alamar tambaya ko wasu tarkacen haruffa. Shafin zai buɗe lafiya, sai ka zo karantawa ka ga “ƙasa” ta zama abin da ba ya karantuwa. Gyaran wannan bayan an ci gaba da rubutu a kai wahala ce babba, shi ya sa za mu duba shi a gwaji.

Bayan ka sauke, buɗe zip ɗin a kwamfutarka ka ga ya buɗu, ka leƙa wp-content/uploads ka ga hotunan bana suna ciki. Buɗe fayil ɗin sql ma ka gangara ƙarshensa, ka tabbatar bai yanke a tsakiyar layi ba. Kwafin da ba a buɗe an duba ba, ba a san ko kwafi ba ne.

Akwai fulogin da ke haɗa duk wannan a dunƙule ɗaya, irin Duplicator, All-in-One WP Migration da UpdraftPlus. Suna aiki sosai a ƙananan shafuka. A manya kuwa sukan tsaya a hanya saboda iyakar girman fayil ko iyakar lokacin da uwar garke ke ba PHP. Ko ka yi da fulogin, ka ajiye kwafin hannu a gefe. Shi kuma cikakken kwafin asusu da cPanel ke yi a sashen Backup yana ɗauke da komai har da imel, amma kamfanin masaukin ne kaɗai ke iya mai da shi gaba ɗaya, kai ba za ka iya daga naka allon ba.

Kafa shi a sabon wuri

Ƙara domen ɗinka a sabon asusun. Wannan ba ya taɓa shafin da ke aiki, saboda duniya ba ta san da sabon wurin ba tukuna. Ɗora zip ɗin a public_html, ka warware shi, ka tabbatar index.php yana kai tsaye a ciki, ba a wata folda da ta shige cikin wata ba. In an gama ka goge zip ɗin, kuma kada ka taɓa barin fayil ɗin sql a public_html, don duk wanda ya canki sunansa zai iya sauke shi.

A MySQL Databases (a sababbin sigogin cPanel sunansa Manage My Databases) ƙirƙiri sabon rumbu, ƙirƙiri mai amfani da kalmar sirri mai ƙarfi, sannan ka haɗa su ka ba shi All Privileges. Wannan haɗawar ita ake yawan mantawa. Lura kuma cPanel yana liƙa sunan asusunka a gaban sunan rumbun, don haka sunan ba zai zama irin na da ba. Shiga phpMyAdmin, zaɓi sabon rumbun, danna Import. In fayil ɗin ya wuce iyakar da aka yarda, shigar da shi ta SSH ko ka roƙi kamfanin su yi maka. In ya tsaya yana cewa bai san utf8mb4_0900_ai_ci ba, to ka taso daga MySQL 8 ne ka sauka a kan MariaDB da ba ta gane shi ba. Buɗe fayil ɗin, ka musanya wannan sunan da utf8mb4_unicode_ci a ko'ina, ka sake shigarwa.

Yanzu gyara wp-config.php: DB_NAME, DB_USER, DB_PASSWORD su zama sababbi. DB_HOST galibi localhost ne, amma wasu kamfanoni suna ba da wani suna daban, duba saƙon da suka aiko maka. Kada ka taɓa layin table_prefix. Saita PHP ta zama siga ɗaya da ta tsohon wuri. In shafin yana kan 7.4, wadda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Nuwamba 2022, lallai yana buƙatar hawa zuwa 8, amma ba yau ba. Ka gama ƙaura, komai ya lafa, sannan ka ɗaga.

Gwaji a ɓoye

A nan ne aikin yake. Kana so kwamfutarka kaɗai ta ga sabon shafin da ainihin sunansa, sauran duniya kuwa su ci gaba da ganin tsohon. Hanyar ita ce fayil ɗin hosts, wanda kwamfuta ke dubawa kafin ta tambayi DNS. A Windows yana C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, kuma sai ka buɗe Notepad da ikon mai gudanarwa kafin ya bar ka ka adana. A Mac da Linux yana /etc/hosts. Ƙara layi ɗaya a ƙasa, lambar IP ta sabuwar uwar garke sannan sunan:

203.0.113.10 example.com www.example.com

Adana, ka buga ipconfig /flushdns in Windows ce, ka buɗe burawuza a yanayin sirri. Za ta iya yi maka gargaɗin cewa takardar tsaro ba ta dace ba. A wannan matakin ba komai, wuce. Don ka tabbatar sabon kake gani, ajiye ɗan fayil mai suna sabo.txt a sabon wurin kaɗai. In example.com/sabo.txt ya buɗe, kana inda kake so.

Na fi son wannan hanya a kan adireshin wucin gadi da wasu kamfanoni ke bayarwa. WordPress yana riƙe sunan shafin a cikin rumbunsa, don haka a adireshin aro zai riƙa mai da kai tsohon wuri ko ya jawo hotuna daga can, ka ɗauka komai lafiya alhali tsohuwar uwar garke ce ke rufa maka asiri.

Kada ka tsaya a shafin farko. Buɗe tsofaffin rubutu da sababbi, ka duba haruffa masu lanƙwasa. Shiga ɓangaren gudanarwa. Ɗora hoto ka ga ya hau. Cike fom ɗin tuntuɓa ka ga saƙon ya iso. Gwada akwatin bincike. In kanti ne, sa kaya a kwando ka bi har wurin biya.

Abin da ka iya tarar da kai kaɗan ne, kuma kusan kullum su ne dai. In ka ga “Error establishing a database connection”, ɗaya daga layuka huɗun wp-config.php ba daidai ba ne, ko ba ka haɗa mai amfani da rumbun ba. In shafin farko ya buɗe amma kowane rubutu yana ba da 404, .htaccess bai zo ba: shiga Settings, Permalinks, danna Save Changes ba tare da ka canza komai ba, WordPress zai sake rubuta shi. Ka sani kuma, cikin manhajojin da uwar garke ke miƙa shafi da su, Apache da LiteSpeed suna karanta .htaccess, Nginx ba ya karantawa, don haka in sabon wurin Nginx ne zalla sai an mai da dokokinka zuwa tsarinsa. Kuskuren 403 yawanci izinin fayil ne: folda 755, fayil 644. Shi kuwa 500 ko farin allo, buɗe error_log ka karanta layin ƙarshe, zai faɗa maka sunan fayil ɗin da ya jawo. Sau da yawa tsohuwar hanyar folda ce ta maƙale a wani wuri. Wordfence, alal misali, yana rubuta cikakkiyar hanyar fayil ɗinsa a .user.ini ko .htaccess, mai farawa da /home/ da sunan tsohon asusunka. A sabon wuri wannan hanyar babu ita, sai shafin ya ƙi tashi har sai ka gyara layin.

In za ka canza sunan domen ma a lokaci guda, kada ka yi musanya da hannu a fayil ɗin sql. WordPress yana adana wasu saituna tare da ƙidayar haruffansu, in tsawon suna ya canza ƙidayar ba ta canza ba, saitunan sun lalace. Yi amfani da wp search-replace na WP-CLI ko fulogin Better Search Replace, su sun san yadda ake gyara ƙidayar.

Imel, inda aka fi yin kuka

Shafi in ya faɗi kowa zai gani, a gyara. Imel kuwa shiru yake ɓacewa. Ni kaina na taɓa kwaso wani shafi, komai ya tafi sumul, sai bayan kwana huɗu mai shi ya kira yana tambaya me ya sa ba wanda ya aiko masa da saƙo tun ranar. Na canza nameserver, wato kwamfutocin da ke riƙe da DNS ɗin sunan, ban kwafe layukan MX ba, sabon kamfanin ya sa nasa, saƙonni suna ta komawa ga masu aikowa.

In imel ɗinka yana wurin Google ko Microsoft, ba abin da za ka kwasa. Aikinka kawai layukan MX da TXT su kasance yadda suke. Sai abu ɗaya: a sabon cPanel shiga Email Routing ka zaɓi Remote Mail Exchanger. In ka bar shi a Local, saƙon da fom ɗin shafinka ya aika zuwa adireshinka zai tsaya a cikin uwar garken yana neman akwatin da babu.

In kuwa imel ɗin yana kan tsohon masaukin, ka ƙirƙiri kowane adireshi a sabon wuri kafin juyi, har da masu tura saƙo gaba da masu amsa kai tsaye. Sannan ka kwashe tsoffin saƙonni. Daga cPanel zuwa cPanel cikakken kwafin asusu yana zuwa da su. In ba haka ba, akwai imapsync, ko ka haɗa akwatunan biyu a Thunderbird ta IMAP ka ja folda daga wannan zuwa wancan. Wanda yake amfani da POP3 ya lura: mai yiwuwa saƙonninsa suna kan kwamfutarsa kaɗai, kada ya goge asusun daga manhajar kafin ya adana su.

Sauran SPF da DKIM. SPF layin TXT ne da ke faɗin uwar garken da aka yarda ta aika saƙo da sunanka. Dole ya ƙunshi sabon wurin, kuma layi ɗaya tak ake so, in suka zama biyu duka sun ɓaci. DKIM sa hannu ne, sabuwar uwar garke tana da nata mabuɗin, sai ka ɗauko daga Email Deliverability ka sa a DNS. Tun Fabrairu 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kan wannan, saƙon da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu yana iya faɗawa cikin tarkace ko a ƙi karɓarsa sam.

Ranar juyi

Zaɓi lokacin da baƙi suka fi ƙaranci. Ƙididdigar shafinka za ta nuna maka. Kada ya zama daren da za ka yi tafiya, ko lokacin da masu taimakon kamfanin ba sa aiki.

In shafin ba ya canzawa sai kai ka yi rubutu, daina rubutu kawai daga lokacin da ka ɗauki kwafi. In kanti ne ko wurin da mutane ke rajista, akwai haɗari: tsakanin kwafin da ka ɗauka shekaranjiya da yau an yi oda, kuma a lokacin juyi wasu za su sayi kaya a tsohon wuri wasu a sabo, rumbu ya rabu biyu. Maganinsa ka sa tsohon shafin a yanayin gyara, ka sake fitar da rumbun bayanai, ka shigar da shi a sabon wuri a kan na gwajin, ka sake gudanar da rsync don sababbin hotuna, sannan ka juya. Tsohon ya ci gaba da zama a rufe. Da TTL na 300 rufewar ba za ta wuce 'yan mintuna ga yawancin mutane ba.

Juyin kansa hanya biyu ne. Ta farko, ka bar DNS inda yake ka canza layin A zuwa sabuwar lambar IP, da na www in shi ma A ne. In akwai AAAA, wato layin lambar IP ta sabon tsari IPv6, ka canza shi ko ka cire, in ba haka ba masu IPv6 za su ci gaba da zuwa tsohon wuri kai kana mamaki. Wannan hanya ta fi sauri, ta fi sauƙin janyewa, ita nake zaɓa duk lokacin da ta yiwu. Mai Cloudflare ma abin da zai yi ke nan a allonsu.

Ta biyu, canza nameserver a wurin mai rajista. Ita ce dole in DNS ɗinka yana hannun kamfanin da za ka bari. Sai dai ba ta jin rage TTL ɗinka, domin a .com wa'adin layukan nameserver daƙiƙa 172800 ne, kuma daga nan maganar “jira awa 48” ta samo asali. Kafin ka canza, ka zuba duk layukan da ka kwafa a sabon DNS ɗin. In DNSSEC, tsarin sa hannu a kan amsoshin DNS, a kunne yake, kashe shi a wurin mai rajista, ka ba shi kwana ɗaya ko biyu kafin ka canza nameserver. In ka manta, masu tantance sa hannu za su ɗauki sabon adireshin a matsayin na jabu, shafin ya ɓace wa mutane da yawa gaba ɗaya.

Da zarar sunan ya fara nuna sabon wuri, nemi takardar SSL. Let's Encrypt tana bayarwa kyauta, tana kuma sabuntuwa da kanta, amma a hanyar da aka saba sai ta ga sunan yana kan uwar garken kafin ta bayar. A cPanel shiga SSL/TLS Status ka danna Run AutoSSL. In ba ka son ko minti ɗaya na gargaɗi, kwafo takardar da mabuɗinta daga tsohon wuri ka girka tun kafin juyi. In ta ƙi fitowa, duba layin CAA, wataƙila ya taƙaita wanda zai iya ba ka takarda.

Cire layin da ka sa a fayil ɗin hosts. Buga nslookup example.com ka ga lambar da ta fito. Gwada da waya a kan data, ba a kan layin da kwamfutarka take ba. Aika saƙo daga Gmail zuwa adireshinka, ka amsa, ka ga duka biyun sun isa.

Kwanakin da ke biye

Kunna cron a sabon wuri ka kashe na tsohon, kada masu rajista su riƙa samun saƙo sau biyu. In kamfanin karɓar kuɗi ko wata manhaja ta waje tana tantance ka da lambar IP, ba su sabuwar. A WordPress leƙa Settings, Reading, ka tabbatar akwatin hana injunan bincike bai da alama, ka duba robots.txt ma. Muddin suna da adireshin kowane rubutu ba su canza ba, Google ba ruwansa da inda kake zaune. Ka dai riƙa leƙa Search Console na mako biyu ko za ka ga 404 ko 500 sun ƙaru.

Tsohon akwatin imel ka riƙa shiga ta adireshin uwar garken kamfanin na kwana biyu zuwa uku, ka kwashe saƙonnin da suka sauka can a lokacin juyi. Saita kwafin ajiya a sabon wuri, ɗaya kuma a wajen kamfanin. In komai ya zauna, mai da TTL zuwa 3600 ko sama.

Bayan mako ɗaya zuwa biyu, buɗe rajistar baƙi ta tsohon masaukin. In ba mai zuwa sai 'yan robot, ɗauki cikakken kwafi na ƙarshe ka adana, sannan ka rufe asusun ka kashe biyan kuɗi na kai tsaye. Karanta abin da kake sokewa da kyau: in domen yana wurinsu, masaukin kaɗai za ka soke, don a wasu kamfanonin maɓallan biyu suna kusa da juna.

In kana so ka ɗauke domen ɗin ma, yanzu ne lokacinsa. Cire kullen da ke kansa, karɓi lambar izinin da ake kira EPP, ka ba sabon mai rajista, ka amsa saƙon tabbatarwa da zai zo imel ɗin da ke kan rajistar. Yakan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai, kuma a .com ana ƙara maka shekara ɗaya a kan wa'adinka. A ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ba a ɗauke sunan da bai cika kwana 60 da rajista ko da ƙaurar baya ba, kuma canza bayanan mai sunan na iya jawo irin wannan kulle. Sunayen ƙasashe, irin .uk da .de, kowanne da nasa tsarin, sai ka duba na hukumar da ke kula da naka. Kafin ka fara, tabbatar DNS ɗinka ba ya kan nameserver na mai rajistar da za ka bari, domin da sunan ya fita daga hannunsu suna iya daina amsawa a madadinka.